Ranar da Yaya Ta Turara Ɗakin Batir

Matso nan, maigida, ajiye wayar nan tukuna. Kai dai miji ne na banza, ana yi maka magana kana latse-latse. Ka ce in ba ka labarin kakarka wadda ta haifi uwarka, to ga ni na zauna, ƙafar ma yau ta ɗan lafa. Ni ƙanwarta ce ciki ɗaya. Ita ce babba, ni ce auta, mazan da ke tsakaninmu duk sun riga mu. Ban taɓa kiran sunanta ba, Yaya nake ce mata, ita kuma Auta take ce mini har na yi furfura. Labarin da zan ba ka na idanunta ne, da irin zaman da muka yi ba mu sani ba ko za ta ga fuskar uwarka ko ba za ta gani ba. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, duba hannuna ka gani.

Yaya mace ce mai tsabta, tsabtar ma har ta yi yawa. In ka sha ruwa ka ajiye kofi, kafin ka gama haɗiyewa ta wanke shi ta kife. Ga hanci. Tana ƙuryar ɗaki za ta ce miki, "Auta, miyar nan ta fara kamu," alhali ke da kike tsugune gaban tukunyar ba ki ji komai ba. Ta iya haɗa turaren wuta kuwa, ita take jiƙa itacenta da kanta, ta soya da sukari, ta zuba a kwalba. In ta bi ta lungu, ta daɗe da shigewa gida mutane suna cewa matar mai caji ta wuce.

Mijin nata, kakanka ke nan, cajin batir ɗin mota ne sana'arsa. Direbobi Sannu-Sannu suke ce masa, don duk wanda ya kawo batir yana gaggawa, abin da zai ji ke nan: "Batir sannu-sannu yake so." Dogo ne siriri, ga kunnuwa fato-fato kamar marfin tukunya, Allah ya jiƙansa. Ba ya faɗa, ba ya dariya da ƙarfi, maganarsa ta yini ba ta cika cokali ba. Ni a gidansu na yi 'yammatancina, don bayan rasuwar innarmu Yaya ta ɗauke ni.

Ɗakin aikinsa shi ne na gaban gidan. Ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa cikin tsakar gida, sai taga guda babba. Ciki akwai benci na katako duk ya yi baƙi ya zaizaye, da batura jere a ƙasa, da cajar. Cajar nan irin ta da ce, ƙaton akwatin ƙarfe, maza biyu ke ɗaga ta, in an kunna ta sai ta yi ta ƙugi kamar an rufe zuma a tulu. Ba irin na yanzu ba ce da kuke cewa in batir ya ƙoshi suna kashe kansu. Ita wannan ba ta da hankali ko kaɗan. In ka kunna ta, haka za ta yi ta ɗura wa batir wuta har sai an zo an kashe ta, ko da kuwa tafasa zai yi. Hankalin duk yana wurin mai ita.

Ni ban yi makaranta ba, amma ido na gare ni, ina kai masa abinci ina ganin yadda yake yi. Da farko zai goge kawunan batir ɗin nan biyu har su yi fes. Ya kwance murafen saman, ya jawo shi bakin ƙofa wurin haske ya leƙa kowane rami, in ruwan ya yi ƙasa ya ƙara daga wata kwalba tasa da ba mai shan ruwan cikinta. Sannan ya ɗauki jar waya mai ɗan bakin ƙarfe kamar na kada ya cija a kan da ke da alamar kuros, ya ɗauki baƙar ya cija a ɗayan. Sai ya gama wannan duka kafin ya kunna wuta a bango. Ya murɗa abin murɗawar ƙasa-ƙasa, ya zauna a kujera ya zuba wa ɗan tsinken nan da ke motsi cikin gilashi ido. Can ya tashi ya ɗora bayan hannu a jikin batir, kamar uwa tana duba zazzaɓin ɗanta. In ya ji ɗumi ya yi yawa ya kashe, ya jira ya huce. In kuma caji ya yi, a bango zai fara kashewa, ya ɗan dakata, sannan ya cire baƙar waya, sannan jar. Ban taɓa ganin ya juya wannan tsarin ba.

Tagar nan kuwa kullum a buɗe, ko ruwan sama ake yi, ko sanyi ya hana mutane fita. Direban da ya zo da taba a baki, daga tsallaken kwata zai tsayar da shi da hannu. Amma ka san abin da ya kashe mu? Bai taɓa cewa don me ba. Shi dai "A bar ta haka." "Kar a taɓa." Shi ke nan, ya gama. Yaya ta ɗinka wa tagar nan labule mai furanni, ya cire ya ninke ya mayar mata. Ta ce, "Na gane, don ka riƙa leƙen 'yammata masu wucewa ne." Ya yi murmushi ya koma aikinsa. Mu a zatonmu zafi yake ji, ko tsirfa ce irin ta masu sana'a.

Sun daɗe da aure Allah bai ba su haihuwa ba. Shekaru masu yawa, har dangi sun gaji da tambaya. Sai ga ciki. Kai, zo ka ga murna! Yaya ta ɗinka 'yan riguna ta wanke ta goge ta turara, ta sake wankewa. Kullum maganarta ɗaya: "Ni dai Allah ya nuna mini fuskar abin nan da ke shurina, in ga wa ya ɗauko." To cikin nan sai ya ƙara mata hanci. Warin albasa amai, warin sabulu amai, har gumin mijinta sai da ta sa shi ya riƙa wanka kafin ya shigo ɗaki.

Ranar da abin zai faru, cikin ya tsufa, tana tafiya tana dafa baya. Da hantsi wani mai taksi ya zo da batir a kafaɗa, yana huci. Ni ina tsakar gida ina wanki gindin randar ƙarfe, ina jin su ta ƙofar ciki.

Mai taksi ya ce, "Sannu-Sannu, yau ba sannu, don girman Allah. 'Yan makaranta zan ɗauko da azahar, iyayensu za su ci namana."

Ya ce, "Batir sannu-sannu yake so."

"Na sani, na haddace! Yau ɗaya dai ka ba shi wuta. Kai da kake zaune a kansa, me zai faru?"

Ya yi ta magiya, ya yi ta magiya, har kakanka ya gaji ya murɗa abin nan sama, abin da ba ya yi. Na ji ƙugin cajar ya canja, ya yi kauri. Mai taksi ya ce bari ya je ya sa wani abu a cikinsa ya dawo.

Ko fitarsa ba a daɗe ba sai ga wani direban bas a guje. Wai motarsa ta mutu a tsakiyar mararraba, nan ƙarshen layinmu, ta tare hanya, ana ta zaginsa, shi dai a zo a duba masa waya ɗaya. Ya kama hannun kakanka yana ja. Kakanka ya dubi caja, ya dubi mutumin. Ga mararrabar nan ana hangowa. Ya kulle ƙofar titi, ya leƙo tsakar gida ya ce, "Zan je nan bakin hanya, yanzu zan dawo. Kar a taɓa komai."

Wayar ɗaya ta zama goma. Rana ta yi sama bai dawo ba.

Ni na fara jin warin, amma kafin in yi magana Yaya ta fito daga ɗaki da gefen zani a hanci.

Ta ce, "Auta, ke ce?"

Na ce, "Haba Yaya, ni da nake cikin kumfa har gwiwar hannu?"

"To baragurbi ne ya fashe. Duba akurkin kajin nan."

Na duba, ba komai. Warin kuwa sak ruɓaɓɓen ƙwai, mai hawa kai. Ta bi shi da hanci, ta leƙa bayan randa, ta leƙa madafa, har ta tsaya a ƙofar ɗakin batir. Tana tura ƙofar ta juyo da gudu ta durƙusa bakin magudana ta yi ta sheƙa amai, har hawaye. Da ta ɗago ta ce, "Ɓera ne ya mutu a cikin tarkacen mutumin nan. Wallahi ba zan yini da wannan a gidana ba."

Na ce, "Ya ce fa kar a taɓa komai."

Ta ce, "Na ce miki zan taɓa? Hayaƙi zan sa. Hayaƙi hannu gare shi?"

Muka yi dariya. Wallahi dariya muka yi, ni da ita. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa batir in ya sha wuta ya wuce ƙima tafasa yake yi, yana fitar da wata iska da ba a gani, wadda ko ƙyallin wuta ta samu sai ta tashi. Ba mu san warin nan shi ne kukan da batir yake yi a zo a kashe caja ba. Mu abin da muka sani, in ɗaki ya yi wari turara shi ake yi. Kuma kowace mace ta san yadda ake turara ɗaki: rufe taga ake yi ruf, a ja ƙofa, don ƙamshi ya kama bango, kar iska ta kwashe. Haka innarmu ta koya mana, haka Yaya ta yi. Ta toshe hanci ta shiga ta ja tagar nan ta sa sakata, ta fito ta ja ƙofa. Ta je madafa ta zaɓo garwashi manya ta zuba a kasko, ta tsaya tana fifita shi har ya yi ja wur, ba ta gaggawa. Ta ɗebo turarenta mai kyau, wanda take ɓoyo, ta barbaɗa.

Ina kallonta ta shiga. Ƙofar a buɗe ta bar ta, ina hango bayanta. Ta nufi benci, wurin da warin ya fi ƙarfi, ta sunkuya da ƙyar saboda ciki, ta ajiye kaskon dab da batir ɗin. Sai ta ga hayaƙin bai tashi yadda take so ba, ta kai baki ta hura.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ban ma ji ƙara ba da farko, duka na ji a ƙirji, kamar an make ni da tabarya. Sannan kunnuwana suka ɗauki wani kuka ziiii. Kajin gidan suka tashi sama gaba ɗaya. Na ga tagar nan da aka sa wa sakata ta wage da kanta. Sai ga Yaya ta fito da baya da baya, hannu biyu a fuska, ba ta kuka, ba ta ihu, ta zo tsakiyar gida ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce da wata ƙaramar murya, "Auta, wa ya kashe rana?"

Sannan ihun ya zo. Ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irin wannan ihu ba, kuma na yi zaman asibiti, na yi zaman makoki. Jini yana bin tsakanin yatsunta ta gefen dama, fuskar duk ta jiƙe da ruwan batir, rigarta ma haka. Ni kuwa na tsaya da rigar wanki a hannu kamar an dasa ni. Ƙafata ta ƙi ɗaguwa.

Kafin ka ce me gida ya cika. Matar mai aski, maƙwabciyarmu, ita ta fara faɗowa, ba ko ɗankwali. Mace ce mai kirki amma komai ta sani. Tana ganin Yaya ta ce, "Ƙuna ce! A kawo mai! Kar wanda ya sa ruwa, ruwa tayar da ƙuna yake yi!" Wata ta ce madara, wata ta ce ɗanyen ƙwai, wata ta ce a shafa toka. Matar mai aski ta faɗa madafarmu ta fito da kwalbar mai, ta durƙusa tana ƙoƙarin ɓamɓare hannun Yaya daga fuska.

Sai ga kakanka. Daga mararraba ya ji ƙarar, kuma duk garin shi kaɗai ya san ƙarar mece ce. Takalmi ɗaya ne a ƙafarsa. Mutumin nan da ban taɓa jin muryarsa ta wuce ƙofar ɗaki ba, ya daka wata tsawa sai da matan nan suka watse. Ya buge kwalbar man daga hannun matar mai aski ta tarwatse a bango. Ya ce, "Ruwa! Auta, ruwa! Mai kyau, ba na wanki ba!"

Sunana da ya kira shi ya sake mini ƙafa. Na ɗebo daga randa da bokiti. Ya kwantar da Yaya a cinyarsa, ya karkata kanta, ya danne hannuwanta da gwiwa, ya sa yatsa ya buɗe idon hagu da ƙarfi, ya ce in zuba, a hankali, kar in tsaya. Na daman bai matsa shi ba, don ya ga akwai abin da ya shige ciki, ruwa kawai ya sa na riƙa kwararawa a kai. Yaya tana shure-shure, tana zaginsa, ta kama damtsensa da haƙori ta cija har jini ya fito, bai ko motsa ba. Matar mai aski tana gefe tana tafa hannu tana cewa, "Zai ƙarasa ta! Jama'a ku hana shi, zai ƙarasa ta!" Shi dai, "Zuba. Ƙara. Zuba." Randa ta ƙare, ya ce a kawo na maƙwabta. Mata suka yi layi da bokitai, har ita matar mai askin daga baya ta kawo nata tana kuka. Muka yanke rigar jikin Yaya da almakashi muka wanke ƙirji da cikin. Tsakar gida ta zama tafki. Hannuna ya mutu ban sani ba.

Duk wannan abin cajar tana can tana ƙugi, ba ta san an yi komai ba. Sai da wani maƙwabci ya ce hayaƙi na fita daga ɗakin, kakanka ya ce kar kowa ya shiga, a kashe wutar gidan gaba ɗaya daga waje. Da na leƙa ɗakin daga baya, na ga saman batir ɗin babu shi. Wani ɓallinsa ya kafe a rufin ɗaki kamar an buga da guduma. Bango duk ɗigo-ɗigo. Zanin da na sa ranar, washegari da na ɗauko shi sai ya yi ta zubewa a hannuna, huji ko'ina, kamar gara ta ci. Na zauna ina kallonsa ina cewa, abin da ya yi wa zani haka, shi ne a cikin idon Yaya.

Mai taksi ya dawo ɗaukar batir ɗinsa ya tarar da wannan. Ya ɗora hannu a ka ya ce, "Na shiga uku, ni na ce a ba shi wuta." Da bas ɗin nan da aka gyara aka kai ta asibiti, fasinjoji suka sauka da kansu.

Likita ya daɗe a kanta. Da ya fito ya ce wa ya zuba mata ruwa, kakanka ya sunkuyar da kai don ya zaci faɗa za a yi. Likita ya ce ruwan nan shi ne abin da ya sa ma ake da sauran magana. Ya ce na dama ya tafi, ɓallin batir ya yanka shi, ba abin da za a yi. Na hagu ya ƙone amma bai mutu ba, za a sa magani a rufe, sai an buɗe za a sani. Kakanka ya ce, "Za ta gani?" Likita ya ce ba zai yi masa alkawari ba. Ya ce abin cikin dai lafiyarsa lau, yana motsi.

Haka muka zauna. An naɗe mata kai da bandeji, hanci da baki da kumatu kawai ake gani, kumatun duk sun saɓule. Ni nake ba ta abinci a baki, ni nake kai ta bayan gida. Macen da ba ta yarda wani ya wanke mata kofi ba. Ba ta yawan magana, sai can ta ce, "Auta, ai ban taɓa komai ba, ko?" In ce, "Ba ki taɓa ba, Yaya." Kakanka kuwa a barandar asibitin ya tare, ba ci ba sha, ya zama kamar sanda. Wata rana na kai masa ruwa ya ce da ni, bai ko dube ni ba, "Magana ce da ba ta fi a faɗa ana cin abinci ba. Shekara da shekaru tana gidan nan, ban faɗa mata ba."

Naƙuda ta zo ba a kwance bandejin ba. A duhu Yaya ta haifi uwarka. Da aka wanke jaririya aka ɗora mata a ƙirji, sai ta sa yatsu tana bin fuskar, goshi, hanci, leɓe, ta koma ta sake bi. Ungozomar da ta ga haihuwa ba adadi, sai da ta juya baya tana share ido.

Yaya ta ce, "Auta, faɗa mini. Wa ta ɗauko?"

Na ce, "Ke ta ɗauko, Yaya. Kyakkyawa ce, kamar ke sak."

Ta ce, "Ke maƙaryaciya ce tun kina ƙarama. Ni dai in gani da kaina."

Na fita waje na yi kukana.

Ranar da za a buɗe, likita ya sa aka sauke labulen ɗakin, ya ce haske kar ya yi yawa. Ni ina riƙe da jaririya, kakanka yana jingine da bango. Aka yi ta warware bandeji, ana warwarewa, ana warwarewa, ni dai na ce wannan abu ba ya ƙarewa ne? Da aka kai ƙarshe na ga gefen dama ya lotsa, fatar ta manne. Na cije leɓe don kar in yi sauti. Aka goge na hagu da auduga, likita ya ce ta buɗe a hankali.

Ta buɗe. Ja ne wur, ruwa yana zuba.

Likita ya ce, "Me kike gani?"

Ta ce, "Hazo. Fari-fari."

Ya ɗaga hannu a gabanta yana kaɗawa. Ta ce, "Wani abu yana motsi." Ta ƙifta, ta sake ƙiftawa. Ta ce, "Hannu ne. Da agogo." Sai ta ture hannun likitan gefe kamar ya tare mata hanya, ta ce, "Auta, miƙo ta."

Na miƙa. Ta kawo jaririyar dab da fuskarta, har hancinsu yana taɓa juna, ta karkata kai gefe don ta daidaita idon. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Innalillahi. Auta, kin ce ni ta ɗauko. Waɗannan ai kunnuwan ubanta ne! Wa zai aure ta da waɗannan fayafayan?"

Kakanka ya sulale ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hula yana gunji kamar yaro. Ni ina dariya ina kuka, likita ma dariya. Yaya ba ta kula kowa ba, tana ta juya kunnen uwarka da yatsa tana kallo.

Bayan mun koma gida wani abin mamakin ya biyo baya. Kakanka ya kasa aikinsa. In ya ɗauki wayar nan ja sai hannunsa ya kama rawa har bakin ƙarfen yana ƙarar kaf-kaf. In ya ji ƙugin caja sai gumi ya karyo masa, ya fita waje. Direbobi suna zuwa suna komawa da baturansu. Wata safiya Yaya ta ba ni goyon, ta ɗaura ɗankwali, ta nufi ɗakin nan. Na ce, "Yaya, kin haukace? Wurin da ya cinye miki ido?" Ta ce, "Ya ci ɗaya don ban san shi ba. To yau za mu san juna." Ta sa kakanka ya zauna a bakin ƙofa yana faɗa tana yi, kuma duk abin da ya ce sai ta tsare shi ya kawo dalili. A wata ɗaya mutumin nan ya yi maganar da bai yi ba tun aurensu.

Ita ta riƙe sana'ar har tsufa. Ta sayi tabarau babba irin na masu walda mai farin gilashi, ba ta kusantar batir sai da shi. Ba ta taɓa tashi ta bar caja a kunne ba, ko uwarka ce ta faɗi tana kuka sai ta kashe a bango kafin ta je. Direban da ya ce mata yana sauri, sai ta ɗaga tabarau ta juyo masa gefen dama ta ce, "Kalli nan da kyau. Har yanzu kana sauri?" Ba wanda ya taɓa cewa e.

Idon hagun nan yana mata ruwa in rana ta yi zafi, da ta manyanta kuma ya rage ƙarfi, amma bai taɓa ɗaukewa ba. Ciwon da ta yi na ƙarshe, aka aiko mini da safe cewa jiki ya yi nauyi, tun jiya ba ta gane mutane. Na zari zani na fito ko madubi ban duba ba. Na shiga na same ta kwance, an kewaye ta, kowa ya yi jugum. Na durƙusa na ce, "Yaya, ni ce." Ta buɗe idon nan a hankali, ta dube ni daga sama har ƙasa. Leɓenta ya motsa, na kai kunne. Ta ce, "Auta, zaninki a baibai yake. Je ki gyara, akwai baƙi."